Kan maganar siron yaro mai mura

Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Kin ce ɗanki mai shekara 3 kwana uku ke nan yana mura da tari, likita ya ba shi parasetamol kawai ya hana amoksisilin, shin ki saya da kanki? Kada ki saya, gata likitan nan ya yi miki.

Murar hunturu ƙwayar cutar birus ke kawo ta, antibiyotik irin su amoksisilin kuwa wata ƙwayar daban, bakteriya, yake kashewa. A sha ko kar a sha, sai ta cinye kwananta bakwai zuwa goma, tarin ma yakan kai sati uku. Majina ta koma kore, wannan ba hujja ba ce.

Ni na daɗe cikin wannan wautar. Nan Birni, da ƙura ta taso yara suka fara tari, sai in tsai da mai tallar magani a tire, in sayi kafso ja da rawaya, in fasa cikin koko. Ashe tetrasiklin ne, wanda ba a ba yaro ƙasa da shekara 8. Babbar ɗiyata har yau haƙoranta da dafi-dafi, ba ta son dariya a hoto. Ranar da ciwon fitsari ya kama ta da gaske, amoksisilin da Bactrim duk suka ƙi ci, sai da aka yi awon fitsari aka koma allura, kuɗi suka tafi. Ƙwayoyin cutar sun riga sun saba da maganin. A 2019 irin wannan bijirewar ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ta fi yi wa ɓarna.

Abin dubawa shi ne numfashinsa. In ya natsu, ɗaga rigarsa ki ƙirga na minti ɗaya. In ya kai 40, ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya kasa shan ruwa, ki koma asibiti a ranar, can ne amoksisilin yake da aiki. Haka in kunne na ruwa ko kashi da jini. Gudawa ta ruwa kuwa SRO (ruwan gishiri da sukari) da zinc, ba Flagyl ba. In jiki ya yi zafi a fara da awon zazzaɓin sauro.

Ran da aka rubuta masa antibiyotik, ki cika kwanakin da aka ce, kada ki ɓoye ragowar don ƙanensa. Yanzu dai ruwan ɗumi da ɗan zuma, ki rufe masa ƙirji da asuba. Allah ya ba shi lafiya.