Ɗiyan akuya na fitowa ƙanana, mi ya jawo?

Wata hajiya daga Sandamu ta rubuto, wai awakinta sun haihu da bazara, ɗiyan ƙanana ba ƙarfi, ba su iya miƙewa su kama nono, har biyu suka mutu, ta sai allurar bitamin mai tsada shiru ba canji.

Hajiya Allah ya maida alheri, amma matsalar tun cikin ciki ta faro, kuma duk shekara sai na faɗi wannan magana. Akuya wata 5 take da ciki, kuma mafi yawan girman ɗan a sati 6 na ƙarshe yake, daidai lokacin da harawa ta ƙare kuka bar ta da busasshen kara da ɗan ruwan dusa. Kara furotin ɗinshi, wato sinadarin gina jiki, bai kai kashi 5 cikin 100 ba, cika ciki kawai yake. Tunkuza ta wuce kashi 40.

An gwada abin nan a ɓeraye. A jami'ar Southampton ta Ingila, 1994, an ba wasu ɓeraye masu ciki abinci mai furotin kashi 18, wasu kashi 9, ɗiyan masu kashi 9 suka tashi da hawan jini duk da an maida su kan abinci mai kyau bayan haihuwa. Wasu gwaje gwajen sun nuna ƙodarsu ba ta ginuwa cikakka, in yunwar ta kai har shayarwa kuma sai girma ya tsaya, koyon hanyar abinci ma ya yi masu wuya. Ɓera ba akuya ba ne na sani, amma uwa uwa ce. Abin da aka rasa a ciki allura ba ta maido shi.

Toh ki ɓoye harawar wake da ta gyaɗa tun kaka, kar ki ƙarar da ita wajen ragon layya. Wata na huɗu ki fara ba ta harawa safe da yamma, da ɗan tafi guda na tunkuza cikin dusa, ki ƙara a hankali kar ta yi zawo. 'Ya'yan gawo ma kyauta ne. In ta haihu ki tabbatar ɗan ya sha dakashi a awannin farko.

Malam daga Mai'adua ka ce kana ba su kanwa kullum, ko ta isa? A'a malam, kanwa ba furotin cikinta ko kaɗan.

Mai tambaya daga Mashi ko ana ba awaki anguriya, ka ba manya kaɗan kaɗan, banda ƙananan da ba su fara tuƙa ba.