Ku Tambayi Yayanku: Fire Emblem Awakening da Mayaƙin da Ba Ya Dawowa

Wasiƙu huɗu na zaɓo a wannan fitowar, dukansu kan gem ɗaya, Fire Emblem Awakening na ƙaramar na'urar nan ta hannu, Nintendo 3DS. Kamfanin Intelligent Systems na Japan ne ya ƙera shi, ya fito can a 2012, ya iso Amurka da Turai a 2013. Yaƙi ne a kan fili mai gida-gida: ka matsar da mayaƙanka ɗaya bayan ɗaya, sannan ka naɗe hannu abokan gaba su yi nasu. Saurin yatsa ba shi da amfani a nan.

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ƙaninka ne daga Tudun Wada. Tun farko Frederick nake turawa gaba yana gamawa da kowa. Yanzu na yi nisa, sauran mutanena ba sa iya komai. Sumia ma an harbo ta, kuma a babi na gaba ban gan ta ba. Ko na'urar ce ta samu matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanina. Na'urarka lafiyarta ƙalau. A farkon wasa an tambaye ka Classic ko Casual, ka danna Classic. A wannan tsari, duk mayaƙin da ya faɗi ya bar fagen yaƙi ke nan har ƙarshen labari. Haka jerin wasannin nan yake tun na farkonsu a 1990. Casual shi ne sassaucin: wanda ya faɗi zai dawo a babi na gaba. Amma a ko wanne, idan Chrom ko Robin, manyan jaruman labarin, ɗayansu ya faɗi, wasa ya tashi.

Sumia a kan doki mai fukafukai take, kuma kibiya ce ajalin duk mai tashi sama, domin ƙarfin baka yana ninkuwa sau uku a kansu. Kafin ka ajiye ta a ko'ina, danna X. Filin zai nuna maka duk gidajen da makaman abokan gaba za su iya kaiwa. Gida ɗaya tak ake kuskurewa a rasa ta.

Mu dawo kan Frederick, domin shi ne tushen damuwarka. An ba ka shi ya riga ya gama girma, ga sulke, ga mashin azurfa. Shi ya sa idan ya kashe ɗan ƙaramin ɓarawo, ƙwarewar da yake samu ba ta taka kara ta karya ba, alhali wannan kisan da Sully ko Stahl ko Vaike ya yi shi, da ya matsa sosai zuwa mataki na gaba. Ka ciyar da wanda ya ƙoshi, masu yunwa suna kallo. Abin da nake yi shi ne na karɓe mashin azurfar nan na miƙa masa makami mai rauni, na tsayar da shi a bakin gada ko ƙofa. Abokan gaba su zo su sare shi, ba ya ko gezau, ya raunata su, yara su ƙarasa. Ko kuma ka goya shi a bayan Chrom ko Robin, su hau gida ɗaya, ya ƙara musu kariya.

Ka ga Donnel, ɗan ƙauyen nan mai tukunya a ka? Sai ya hau mataki ɗaya a cikin babin da aka same shi kafin ya yarda ya bi ka, kuma a lokacin sara biyu ya ishe shi. Mutane da yawa sukan ƙyale shi. Wanda ya yi haƙurin rainonsa, yana ajiye masa abokan gaba da suka kusa mutuwa, zai ga yaron ya wuce sa'anninsa nesa ba kusa ba.

Shawarata, ka sake daga farko. Idan zuciyarka ba ta ɗaukar rashi, ɗauki Casual, babu abin kunya. Ni dai Classic nake bugawa, domin sai ka san mutum zai iya tafiya ba dawowa kake tsayawa ka ƙirga gidaje sau biyu. Akwai masu danna L da R da Start tare su sake babi duk lokacin da aka kashe musu wani. Ban hana ba, amma mai yin haka kullum gara ya koma Casual ya huta.

Tambaya: Malam, ɗaliba ce daga Malali. An rubuta min 80 cikin 100 na samun abokin gaba, na kuskure. Shi mai 30 ya same ni ya kashe ni. Anya babu maguɗi?

Amsa: Akwai maguɗi, ƙanwata, amma ke ake yi wa alfarma. Wasan yana jefa ƙuri'a biyu ne a ɓoye ya ɗauki tsaka-tsakinsu. Sakamakon haka, 80 ɗin da kika gani a zahiri ya haura 90, shi kuma 30 ɗinsa bai kai 20 ba. Sai dai mutum ba ya tuna sau tara da ya dace, wanda ya kuskure ɗin ne ke tsaya masa a rai.

Wasan nan dara ce da aka jefa wa ƙwayar lido a ciki. Ƙwayar ba a hannunki take ba, amma inda kika ajiye 'ya'yanki naki ne. Takobi yana rinjayar gatari, gatari yana rinjayar mashi, mashi yana rinjayar takobi. Wanda ya fi abokin karawarsa sauri da maki 5 zai kai sara biyu a zuwa ɗaya. Akwai kuma mugun sara mai ninka ɓarna sau uku, lambarsa tana nan a allo kafin ki amince da hari. Saboda haka kafin ki danna, ki ƙaddara kin kuskure, shi kuma ya same ki, na bayansa ma sun iso. Idan lissafin ya nuna mayaƙinki ba zai tsira ba, ki ja da baya ki kira Lissa ta yi masa magani da sandarta.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 12 ya matsa sai na saya masa wannan wasa. Me ke cikinsa? Uwar yara, Unguwar Rimi.

Amsa: Hajiya, barka da ƙoƙari. Zan gaya miki abin da ke ciki, hukunci kuma naki ne. A Turai an ware shi ga 'yan shekara 12 zuwa sama, a Amurka 13. Labarin ƙage ne mai masu sihiri da dodanni, har da dodon da wasu ke bauta wa. Mayaƙan da suka daɗe suna yaƙi kafaɗa da kafaɗa sukan shaƙu har su yi aure, 'ya'yansu su zo daga zamani mai zuwa su shiga rundunar. Shigar wasu matan ciki, irin su Tharja da Nowi, ba irin wadda muka saba gani a gidajenmu ba ce. Wannan shi ne inda ni ma nake ɓata rai da wasan, don ba ya ƙara wa dabarar yaƙin komai.

Ta ɗaya ɓangaren, yaro zai yi ta tarawa da ɗebewa a ka, zai karanta Turanci mai yawa, kuma zai koyi jira. Na'urar tana da wurin da iyaye ke sa lambar sirri su taƙaita irin wasannin da za a buɗe. Idan akwai ƙananan ƙanne 'yan shekara 6 zuwa ƙasa, a kashe musu hoton 3D, kamfanin da kansa ya yi wannan gargaɗi. Da ni ne, sai na bari ya ƙara shekara ɗaya ko biyu, ko kuma ya riƙa bugawa a falo inda kike gani.

Tambaya: Yaya, ina so na saya. Me zan duba? Daga Kawo.

Amsa: Na hannu za ka samu, domin an daina ƙera 3DS a 2020, kuma shagonsa na intanet an rufe saye a cikinsa tun Maris 2023. Kaset za ka nema ke nan. Abu mafi muhimmanci, na'urar tana da kulle na yanki: kaset ɗin Amurka ba zai tashi a na'urar Turai ba, na Japan kuma sai ta Japan, ga shi ba za ka iya karanta rubutun ba. Ko a Kasuwar Gumi ka gani ko a hannun ɗan'uwa, sa kaset ɗin a gabansa ka ga ya tashi kafin ka zaro kuɗi.

Buɗe murfin na'urar ka rufe ka ji ko mahaɗin ya saki, ka gwada L da R, ka taɓa kowane lungu na allon ƙasa. Cajarta daban ce, ta wayarka ba za ta shiga ba, don haka kada ka bar wurin ba tare da ita ba. Sabon batir awa 3 zuwa 5 yake yi, tsoho kuwa ƙasa da haka. Idan ka rage haske ka kashe 3D, zai iya kai ka daga tashar jirgin ƙasa ta Rigasa har Abuja. In wuta ta kusa ƙarewa a tsakiyar yaƙi, akwai inda ake ajiye wasa na wucin gadi a ci gaba daga baya.

Idan ba ka dace da 3DS ba amma kana da PSP, na'urar hannu ta kamfanin Sony, a gida, nemi Final Fantasy Tactics: The War of the Lions na 2007. Shi ma bi da bi ake yi a kan gida-gida, kuma wasannin PSP ba su da wannan kullen yankin.