Wai da gaske za a sayar da fadar Bran ta Romaniya?

Tambaya: Salam malam, na ga ana ta yaɗawa wai za a sayar da fadar nan ta Dracula, kuma wai ta wata sarauniya ce marubuciya. Dama ana sayar da gidan sarauta ne? Don Allah a yi min bayani.

Amsa: Wa'alaikis salam 'yar uwa. Wannan magana ta daɗe tana yawo, ta taso a 2007, ta sake tasowa a 2014 har jaridun Turai suka yi ta buga farashi kala-kala, amma ciniki bai faɗa ba. Gidan ya ci gaba da zama hannun magada.

Inda mutane ke rikicewa shi ne kalar mallakar. Mu nan in an ce fada, Gidan Rumfa muke tunawa, wanda na sarauta ne, sarki ya zo ya tafi gida na nan, ba wanda zai sa shi cikin rabon gado. To Bran ba haka take ba. Asalinta ma ganuwar tsaro ce da wurin karɓar kuɗin fito a kan hanyar fatake, tun 1377 da sarkin Hungari ya ba mutanen garin Brasov izinin gina ta da dutse. Sai a 1920 garin ya ba Sarauniya Marie ta Romaniya kyauta, ita a karan kanta, kin ga kenan ta zama dukiyarta kamar kowace dukiya. Da ta rasu a 1938 'yarta Gimbiya Ileana ta gada, 'yan gurguzu suka ƙwace a 1948 suka kori gidan sarautar daga ƙasar, sai 2006 gwamnati ta mayar wa 'ya'yan Ileana, ciki har da Dominic von Habsburg, su kuma a 2009 suka buɗe shi a matsayin gidan tarihi mai zaman kansa. Don haka eh, a doka suna da ikon sayarwa.

Amma fa ba kai tsaye ba. Dokar Romaniya ta 2001 kan gine-ginen tarihi ta ce sai an fara yi wa gwamnati tayi, in ta ce ba ta so sannan a nemi wani, kuma ko wa ya saya ba zai rushe ko ya canza fasalin ginin yadda ya ga dama ba.

Ni abin da ke damuna gaskiya ba cinikin ba ne, matar nan ce da ake neman mantawa da ita. Marie jikar Sarauniya Victoria ce ta Ingila, ta rubuta tatsuniyoyin yara, ta rubuta tarihin rayuwarta, kuma wannan gida ita ta raya shi, ta samu kango mai sanyi ta kawo wani magini mai suna Karel Liman suka gyara, aka sa wuta, aka yi lambu da ɗan gidan shan shayi a ƙasan dutsen. Son wurin ya kai inda a 1940, da aka ba Bulgeriya yankin Balchik inda aka ajiye zuciyarta cikin ƙaramin akwati bayan rasuwarta, Bran aka kawo ta aka sa a wani gurbi da aka sassaƙa jikin dutse. 'Yarta kuma ta buɗe asibiti a nan lokacin yaƙin duniya na biyu tana jinyar waɗanda suka ji rauni.

Shi kuwa Bram Stoker, marubucin da ya fitar da littafin Dracula a 1897, ƙagaggen labarin wani mai shan jinin mutane, ko ƙafarsa bai taɓa sawa a Romaniya ba, kuma babu hujjar cewa Vlad, sarkin da ake jingina wa labarin, ya taɓa mallakar gidan. Duk da haka ki je bakin ƙofa yau, rumfuna ne jere ana sayar da haƙoran roba da riguna masu zanen jemage, don can kuɗin yake, ba ruwan ɗan kasuwa da wata sarauniya.

Shi ya sa in kin sake ganin labarin, kar ki tsaya kan miliyan nawa aka ce. Ki duba wa zai saya, ko gwamnati ta yi amfani da damarta, da kuma ko an rubuta a yarjejeniya cewa ɗakunan Marie za su ci gaba da zama a buɗe ga jama'a. Mai otal in ya samu wurin nan ba tare da wannan sharaɗin ba, ɗakunanta zai fara kwashewa.