Tambarin mai ruwan leda: na wanda ya zana ne ko na wanda ya biya?

Ka tambaye ni ko za ka iya ɗauko tambarin da muka zana wa mai ruwan leda, ka sauya masa kala, ka sayar wa wani mai lemo, tunda mu muka zana kuma ba mu sa hannu a wata takarda ba. Kada ka yi, ɗana. Amma maganarka ba ta rasa gaskiya gaba ɗaya ba, don haka saurara.

Haƙƙi biyu ne ke zaune a kan zane ɗaya. Na farko haƙƙin mallaka. Dokar Najeriya ta 2022 ta ba wanda ya ƙirƙiri zane wannan haƙƙi tun daga ranar da ya zana, ba sai ya yi rajista ba, kuma yana nan tsawon ransa da shekara 70 bayan rasuwarsa. Biyan kuɗin aiki kaɗai ba ya ɗauke shi, sai an rubuta a takarda cewa an sallama. Ta nan kana da gaskiya.

Na biyu alamar kasuwanci, wannan kuwa ta Alhaji mai ruwan ledan ce. Ya yi mata rajista a ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki a Abuja, shekara 7 a karon farko, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Mutane da yawa suna ɗauka rajistar sunan kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta wadatar, alhali abu daban ne. Rajistar alamar kasuwanci tana tafiya ne rukuni-rukuni, kuma ruwan sha da lemo duk a rukuni na 32 suke. Ka ga ke nan ranar da mai lemon nan ya buga tambarin a jikin kwalba, Alhaji na da hurumin maka shi a kotu, sunan shagonmu kuma shi za a fara kira.

Ko haƙƙin mallakar ma kada ka jingina da shi sosai. A Ingila an yi shari'a kan tambarin takalman Dr. Martens. Mai zanen da aka ba aikin ya ce haƙƙin nasa ne, har ya sayar wa wani kamfanin takalma na Ostareliya. A 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi yarda, ta ce babu mai hankalin da zai biya a zana masa tambari da nufin mai zanen ya koma ya miƙa wa abokin hamayyarsa. Ni ma haka nake gani. Mutum ya ba ka amanar fuskar kasuwancinsa.

Gyaran abin a wajen karɓar aiki yake. Kafin ka kunna kwamfuta, ku rubuta: nawa ne kuɗin zane, nawa ne na sallama haƙƙi, yaushe haƙƙin zai koma hannunsa. Ni nakan ce sai an cika kuɗi. Ka kuma sa sharaɗin cewa za ka iya nuna aikin ga masu neman ganin hannunka. Sannan ka kula, hoton da ka sauko da shi daga intanet ba naka ba ne, ba za ka sallama wa wani abin da ba ka mallaka ba.

Gobe ka buga takardar sallamawa mu kai wa Alhaji. Mai lemo kuma ka ce masa ya zo, mu zana masa nasa sabo.