Tarin fuka a ƙashi da gaɓoɓi: wane gwaji ya cancanci kuɗinku?

Tambaya daga Funtuwa: Mahaifinmu ya yi wata biyar yana fama da ciwon baya, da dare ya fi tsananta, ya kuma rame. Ba ya tari. An yi masa hoton ƙashi sau biyu ba a ga komai ba. Yanzu likita ya ce yana zargin tarin fuka, a yi MRI, ga shi da tsada. Mu biya, ko mu sake hoton?

Malam, Allah Ya ba Baba lafiya. Ku biya MRI ɗin, kada ku sake kashe kuɗi a hoto na uku.

Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna ɓarna sai ƙashin ya rasa kusan kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na sinadarin da ke ƙarfafa shi, kuma hakan kan ɗauki watanni. Mutum na iya kwana yana juyi saboda ciwo, hoton ya fito fes. MRI kuwa, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da ƙarfin maganaɗisu, yana ganin kumburin ɓargo, da mugunyar da ta taru a gefen ƙashin baya, da abin da ya fi komai muhimmanci: ko an fara danne laka. Ku roƙi likita ya rubuta a duba gadon bayan gaba ɗaya, domin cutar kan tsallake wasu ƙasusuwa ta ɓulla a wani wuri can sama ko ƙasa. In Baba yana da na'urar bugun zuciya ko wani ƙarfe a jiki, ku faɗa tun kafin a karɓi kuɗinku.

Rashin tari bai kore zargin ba. Ƙwayar cutar takan bi jini daga huhu ta sauka a ƙashi, ta yi shekaru a kwance, sai jiki ya yi rauni ta farka. Kusan rabin masu tarin fuka na ƙashi a gadon baya yake kama su, galibi daga tsakiyar baya zuwa saman kwankwaso, sai ƙugu da gwiwa su biyo baya. Da yawansu hoton ƙirjinsu lafiya lau yake, wasu ko zazzaɓi da zufar dare ba sa yi. Duk da haka a yi hoton ƙirjin da gwajin majina, tunda masu sauƙi ne, in an dace sun rage muku wahala.

MRI ba ya yanke hukunci shi kaɗai. A shekarun Baba, sankarar da ta yaɗu daga mafitsara ko wani wuri tana iya kama da wannan, haka ma cutar burusela da ake ɗauka daga ɗanyen nono. Ku ajiye wani abu na kuɗin don ɗibar samfuri daga wurin.

Idan kuwa ƙafafunsa suka fara nauyi, ko yana jin kamar ba nasa ba, ko fitsari ya riƙe ko ya kufce masa, ranar nan za ku kai shi inda ake aikin ƙashin baya, kamar Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a Kano, ko na Shika a Zariya. Laka ba ta jure dannewa na dogon lokaci.

Tambaya daga wata uwa a Gusau: Ɗana mai shekara tara, gwiwarsa ta kumbura wata huɗu, yana ɗingishi. An yi masa allurar gwaji a hannu ta tashi. Wani ɗakin gwaji ya ce suna da gwajin jini da zai tabbatar. In biya?

Hajiya, riƙe kuɗinki. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a daina amfani da gwajin jinin da ke neman garkuwar jiki don gano tarin fuka, saboda yana cewa akwai inda babu, ya ce babu inda akwai. Akwai wani gwajin jinin na daban, irin su QuantiFERON, ingantacce ne amma mai tsada, kuma abin da zai gaya miki shi ne abin da allurar hannun ta riga ta faɗa: jikin yaron ya taɓa haɗuwa da ƙwayar. Bai ce ita ce a gwiwar ba.

Ita allurar hannun, wadda ake kira Mantu, ana karanta ta bayan awa 48 zuwa 72, kuma taurin wurin ake aunawa da ma'auni, ba jan fatar ba. Milimita 10 ko fiye ana ɗaukarsa ya tashi, milimita 5 ga mai cutar ƙanjamau ko yaron da yunwa ta ƙarar. Rigakafin tarin fuka na BCG da aka yi masa yana jariri ma na iya sa ta ɗan tashi. Gwajin jini na ESR kuma kumburi kawai yake nunawa, kowane iri.

Abin da ya dace shi ne hoton gwiwoyin biyu don a kwatanta, sannan a zuƙi ruwan gaɓar da allura, in hali ya yi a gutsuri ɗan naman da ke lulluɓe da ita a ciki. Naman ya fi ruwan bayyana gaskiya. A duba kuma ko yana da sikila, domin ciwon ƙashin masu sikila na iya rikita likita. Ki taɓa gwiwar da bayan hannunki: ta tarin fuka takan kumbura ba tare da zafi sosai ko ja ba, cinyar da ke samanta ta siraɗe idan aka gwada da ɗayar. Ki kuma gaya wa likita idan akwai wanda ya daɗe yana tari a gidan, wannan labarin yana da nauyi ƙwarai a wurin yara.

Tambaya daga Maraɗi: Wani kumburi mai laushi ya fito wa yayata a saman cinya, ba zafi. Mai ɗori ya ce a yi sakiya. A kemis an ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta na sifuro ta ɗan ji sauƙi. Likita kuma ya ce zai zuƙi mugunya a kai gwaji.

Ku bi likita, ku bar sakiya. Irin wannan ƙurjin mai sanyi sau da yawa daga ƙashin baya mugunyar ke gangarowa ta cikin tsokar da ta haɗa kwankwaso da cinya. In aka huda shi da ƙarfe, ramin ba ya rufewa, zai yi ta tsiyaya wata da watanni, wasu ƙwayoyin cutar su shiga su ɓata sakamakon gwaji. Shi ya sa ma goge bakin irin wannan ramin da auduga a kai gwaji ɓarnar kuɗi ne.

Ta dakata da sifuro da danginsa irin su lebofuloksasin, ku kuma gaya wa likita kwana nawa ta sha. Suna raunana ƙwayar tarin fuka ba su kashe ta duka ba, sai gwaji ya kasa kama ta, ita kuma ta koyi bijire wa maganin.

Ranar ɗibar samfuri, ga abin da za ku sa wa ido. Ƙwayoyin ba su da yawa a ƙashi, don haka a ɗebi mugunyar da yawa, ba ɗigo biyu ba. A raba samfurin gida biyu. Kashi ɗaya a kwalba mai tsabta, in nama ne a zuba masa ruwan gishiri na asibiti, wannan shi ke tafiya GeneXpert, na'urar da ke gano ƙwayar tarin fuka, da kuma shuka, wato a raini ƙwayar cutar a ɗakin gwaji a ga ko za ta tsiro. Kashi na biyu, naman kawai, a sa shi a fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, don duba shi da madubin likita. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsoma komai a fomalin. Fomalin yana kashe ƙwayar, shuka ba za ta tsiro ba, dole a sake huda mara lafiya. Ku tambaya da ladabi kafin a rufe kwalbar, ba laifi ba ne.

GeneXpert na ba da sakamako cikin kamar awa biyu da sa samfurin a na'ura, yana kuma nuna ko ƙwayar ta bijire wa rifampisin, ɗaya daga manyan magungunan tarin fuka. Shuka kan ɗauki sati biyu zuwa takwas. In GeneXpert bai ga komai ba amma hoto da naman sun nuna alamar, likita na iya fara magani, kuma daidai ne. A yi wa yayar taku gwajin ƙanjamau da na suga a rana guda.

Tambaya daga Jos: An tabbatar min ina da tarin fuka na ƙashi. In sayi maganin a kasuwa don in fara da wuri?

A'a, ɗan'uwa. A Najeriya maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin DOTS na gwamnati, wato wuraren da aka ware don ba da maganin tarin fuka, kuma da nauyin jikinka ake auna shi. Na ƙashi ya fi na huhu daɗewa: wata biyu na magunguna huɗu, sannan a ci gaba da biyu, galibi har a cika shekara. Fitsarinka zai koma ja-ja saboda rifampisin, wannan ba komai. Amma in idonka ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ganinka ya fara dishi-dishi, ka koma cibiyar a ranar.