Tambaya da Amsa: Me Zan Shafa wa Akwatin Filawud a Cikin Jirgin Ruwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin jirgin ruwa mai inji da nake ɗaukar masu yawon shaƙatawa da shi a tafkin Jabi. Ni da ƙanena, wanda ya taɓa aikin kafinta, mun haɗa akwatuna biyu na filawud domin ajiye rigunan ceto da igiya da kayan gyaran inji, kuma fasinjoji za su riƙa zama a kansu. Ƙanena ya ce a shafa musu banish don kyan katakon ya fito, wani abokin sana'a ya ce fentin mai ya fi, wani kuma ya ce in shafe su da baƙin mai kawai in huta. Jirgin a waje yake kwana, rani da damina. Wace shawara zan bi?

Mai karatu daga Jabi, Abuja

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce ka toshe katakon da efoksi, wani ruwan gam mai sandarewa ya tare danshi, sannan ka rufe shi da fenti mai haske, fari ko ruwan toka. Banish da baƙin mai kuwa ka ajiye su gefe.

Filawud siraran sassan katako ne da aka manne da gam, kowane sashe a gicciye da na ƙarƙashinsa, saboda haka duk inda zarto ya bi ya bar jijiyoyin itace a buɗe suna zuƙar ruwa kamar lagwanin fitila. Shi ya sa za ka tarar da akwati fuskarsa lafiya lau, amma in ka danna gindinsa da babban yatsa sai ya lotsa, sassan sun kumbura sun fara rabuwa. Ruwan tafki da ruwan sama sun fi ruwan teku saurin ruɓar da katako, domin gishiri yana rage ƙarfin naman gwarin da ke cin itace, kuma da zarar danshin katako ya wuce kashi 20 cikin 100 ya daɗe a haka, ruɓewa ta samu wurin zama.

Kafin ka sayi ko gwangwani ɗaya, ka san irin filawud ɗin da ke hannunka. Ka ɗauki guntun da ya rage, ka dafa shi a tafasasshen ruwa na sa'o'i biyu ko uku, ka shanya, ka sake dafawa. Idan sassan suka ɓalle, gam ɗinsa na kayan ɗaki ne, kuma duk abin da ka shafa jinkirta lalacewarsa kawai zai yi. Filawud na jirgin ruwa na ainihi yana da baƙin layin gam tsakanin sassansa, mai kyansa kuma yakan zo da hatimin BS 1088, wato ma'aunin inganci na Ingila. Amma abin da ake kira marin bod a kasuwannin katako irin su Dei-Dei, galibi allo ne mai santsin fuska, baƙi ko ruwan ƙasa, wanda magina ke zuba kankare a kansa. In shi kuka yi amfani da shi, sai an kankare santsin da sanfefa sosai kafin fenti ya kama, gefensa kuma yana shan ruwa kamar na kowane filawud.

Banish ɗin da kafintoci ke fesa wa gadaje da kujeru na cikin ɗaki ne; a rana yakan tsattsage ya ɓamɓare, ruwa ya bi ta tsagar. Akwai na musamman da ake yi domin jiragen ruwa, mai ɗan taushi, yana bin katako in ya buɗa ko ya tsuke, sai dai yana bukatar shafi shida ko fiye, ga sabuntawa aƙalla duk shekara, ga tsada. Akwatin da mutane za su hau da takalmi da yashi bai cancanci wannan ɗawainiya ba. Launin da ke cikin fenti shi ke tare hasken rana, banish kuwa rana ratsa shi take yi ta kai ga katakon. Baƙin mai kuma zai ɓata tufafin fasinja, ya gurɓata tafkin, sannan ya hana fenti kama katakon nan gaba.

Ka fara da cire hinji da makulli. Ka goge kowace kusurwa mai kaifi har ta zama mai ɗan lanƙwasa, domin fenti gudu yake yi daga bakin kaifi ya bar shi da ɗan siririn shafi, kuma daga nan ɓarna ke somawa. Ka bi duk akwatin da sanfefa mai lamba 80, sannan mai lamba 120, ka share ƙura.

Efoksin da nake nufi shi ne mai ruwa-ruwa da ake sayarwa gwangwani biyu, ɗaya ruwan, ɗaya mai sandarar da shi, ban da ɗan gam ɗin nan na cikin bututu da ake liƙe fasasshen kaya. Kada kuma a ba ka ruwan faiba na yau da kullum, wanda ake haɗa kayan faiba da shi, a ce duk ɗaya ne, domin bai kai efoksi riƙe katako da tare danshi ba. Ka auna haɗin daidai yadda aka rubuta a jikin gwangwanin. Ƙara mai sandarwa ba ya sa shi saurin bushewa, lalata shi yake yi ya bar shi yana danƙo. A zafin Abuja ka riƙa haɗa kaɗan-kaɗan a faffaɗan mazubi, saboda in ya taru a kofi yakan ɗauki zafi ya sandare kafin ka kai rabin aiki. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan la'asar, sa'ad da katako ya fara hucewa, don in aka shafa da hantsi iskar da ke cikinsa takan fito ta cika fuskar da ƙananan ƙuraje. Shafi uku ake so, ciki da waje da ƙarƙashi, gefuna kuwa ka yi ta ba su har sai sun daina shanyewa sun tsaya da sheƙi. Ka sa safar hannu, domin yawan taɓa fata yana jawo ƙaiƙayi mai wuyar rabuwa.

Bayan ya sandare sarai, ka wanke shi da ruwa da soso don cire wani maiƙo da yakan taso a kansa, ka goge da sanfefa har sheƙin ya mutu, ka shafa andakot, wato fentin shimfiɗa na ƙasa, wanda ya dace da efoksi, sannan fentin mai sau biyu ko uku. Efoksi ba ya jure rana shi kaɗai, yakan koma rawaya ya fara gari, don haka fentin saman dole ne. Na ce fari ko ruwan toka ne domin baƙi da shuɗi mai duhu suna tara zafi har fasinja ya kasa zama da tsakar rana.

In efoksi ya gagara, andakot na mai sau biyu da fentin mai sau uku za su yi, muddin ka ba gefuna ƙarin shafi, ka bar kwana guda tsakanin shafi da shafi, ka kuma riƙa toshe duk inda ya karce nan take. Fentin ruwa na bango ba shi da gurbi a nan. Damina a Abuja takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, don haka watan Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa kuma kafin ƙurar hunturu ta yi ƙarfi, ya fi dacewa da wannan aiki, sannan ka ba fentin mako guda kafin a zauna a kai.

Sauran kariyar tana ga ƙirar akwatin. Ka ɗiga efoksi ko fenti a cikin kowane ramin sukuru kafin ka mayar da hinji, ka yi amfani da sukurun da ba ya tsatsa. Ka sa wa akwatin 'yan ƙafafu na roba ko na katako mai ƙwari don kada ya zauna cikin ruwan da ke kwanciya a ƙasan jirgi, ka huda ramuka biyu a gindinsa na fitar ruwa da wasu a sama ta ƙarƙashin leɓen murfi na shigar iska, su ma ka shafe cikinsu. Rigunan ceto kuma a shanya su su bushe kafin a rufe su a ciki.