Me ya sa Agda ke iya duba nau'i amma takan kasa gano shi?

Ɗan'uwa da ke koyon Agda (yaren rubuta shirin kwamfuta) a Yaba, ka tambaya me ya sa kwamfuta ke tabbatar da nau'in (type, wato irin bayanan da abu yake, kamar lamba ko jeri) da ka rubuta, amma idan ka bar gurbin sai ta tsaya.

Ayyukan biyu ba ɗaya ba ne. A nau'i mai dogaro da ƙima, dubawa tana bukatar a san ko Vec (2+2) daidai yake da Vec 4, inda Vec yake nau'in jeri, lambar kuma tsawonsa. Sai a rage kowanne har ƙarshe, a kwatanta. Tunda dole kowane lissafi ya ƙare, kwatancen ma zai ƙare. Shi ya sa Agda ke ƙin aikin lissafi (function) da ba ta ga inda zai tsaya ba. Idan ka kashe wannan binciken na tsayawa, ko ka yarda Set (nau'in nau'o'i) ya zama nau'in kansa, dubawar na iya juyawa har abada; masanin lissafi Girard ya nuna ɓarnar na biyun a 1972.

Ganowa kuwa tana bukatar warware daidaito tsakanin ayyuka da ba a sani ba, kuma masani Goldfarb ya tabbatar a 1981 cewa babu hanyar da ke warware wannan kullum. Agda tana warware ɓangaren Miller ne kawai, wato ƙaramin ɓangaren matsalar da masani Miller ya nuna ana iya warwarewa. Don haka ka rubuta nau'in kowane aiki a samansa, musamman masu kiran kansu.